Koyon Lugga Daga Littafin Remarque na Ƙin Yaƙi: Jadawalin Kalmomi Ko Siyaƙin Magana?

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake koya wa ɗalibai kalmomi daga littafin Erich Maria Remarque, Im Westen nichts Neues, wanda aka fi sani da sunansa na Ingilishi, All Quiet on the Western Front. Hujjarta ita ce, jadawalin baƙin kalmomi da aka saba rabawa kafin karatu yana cika kan ɗalibi da sunayen makamai waɗanda da wuya ya sake cin karo da su, yana kuma raba manyan kalmomi da bakin da ya furta su, alhali kuwa a wannan littafi ma'anar kalma tana rataye ne ga mai faɗinta.

Gabatarwa

An haifi Remarque a birnin Osnabrück na ƙasar Jamus a 1898, aka ɗauke shi soja a 1916, aka ji masa rauni a fagen Flanders a watan Yuli 1917. Jaridar Vossische Zeitung ce ta fara buga labarin kashi kashi a ƙarshen 1928, ya fito a matsayin littafi a Janairu 1929, A. W. Wheen ya fassara shi zuwa Ingilishi a cikin shekarar, 'yan Nazi kuma suka sa shi cikin littattafan da suka ƙona a watan Mayu 1933. Da yake babi 12 ne kawai, jimlolinsa gajeru, labarin kuma daga bakin saurayi ɗaya yake fitowa, wato Paul Bäumer, malaman harshe sun daɗe suna ganinsa matakalar da ɗalibi zai taka daga sauƙaƙan littattafai zuwa adabi na haƙiƙa. Mas'alar da ke gabanmu ita ce, waɗanne kalmomi ne suka cancanci a tsaya a kansu, kuma ta wace hanya.

Waiwayen Ayyukan Magabata

Masu ganin karatu kaɗai ya wadatar, jagoransu Stephen Krashen a maƙalarsa ta 1989, sun dogara da gwajin da Saragi da Nation da Meister suka wallafa a 1978, inda masu karatu suka gane kimanin kashi 76 cikin ɗari na ƙagaggun kalmomin littafin A Clockwork Orange da aka jarraba su a kai, ba tare da ƙamus ba. Sai dai waɗancan mutane Ingilishi harshensu ne na haihuwa. Da Horst da Cobb da Meara suka yi irin wannan gwaji a 1998 da ɗalibai a ƙasar Oman, sai aka tarar kimanin kalma ɗaya cikin biyar da ba su sani ba suka kama. Paul Nation kuma ya ƙiyasta a 2006 cewa sai mutum ya san dangin kalma 8,000 zuwa 9,000 kafin ya gane kashi 98 cikin ɗari na kalmomin ƙagaggen labari. Ke nan ɗalibi na buƙatar jagora, wannan ba mu da jayayya a kansa.

Jayayyarmu da masu jadawali ce. Sau da yawa sukan fake da Michael West, wanda ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 a 1953, suna mantawa da cewa West ya zaɓi kalmominsa ne saboda yawan aukuwarsu cikin magana, su kuwa suna zaɓar nasu saboda wuya da ƙarancin aukuwa, wanda hakan kishiyar mazhabarsa ne kai tsaye. A wajenmu ma wannan ɗabi'a tana da wani tushe mai daraja, domin duk wanda ya zauna a zaure ya karanci Maƙamatul Hariri ya san yadda malami ke tsayawa kan kowace garibar kalma yana warware ta, almajiri yana rubuta ma'anarta a ƙarƙashin layi. Hanyar ta dace da Hariri, tun da shi da gangan ya tattara garibin lugga cikin maƙamominsa 50 domin a koya. Amma ɗora ta a kan marubucin da ya guji ƙawa da gangan, ya rubuta da harshen bariki, ƙiyasi ne da bai cika sharaɗi ba. Abdulƙahir Jurjani, a cikin Dala'ilul I'ijaz, ya riga ya tabbatar tun ƙarni na 11 cewa kalma ba ta da falala ita kaɗai sai ta shiga tsarin jimla, kuma a kan wannan ƙa'ida muka gina bincikenmu.

Hanyar Bincike

An karanta babobin 12 a fassarar Wheen, ana komawa ga matanin Jamusanci inda aka yi shakka, aka kasa kalmomin da ka iya tsayar da ɗalibi gida uku: na makamai da muƙamai, na ciki da jiki, da na aƙida. A kowane gida an duba ko kalmar tana dawowa, da kuma wanda ke faɗinta.

Sakamako

Gida na farko shi ne ya fi cika jadawali, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. Ire-iren harsasan igwa da gurneti da iskar guba sun taru ne galibi a babi na 4 da na 6, kuma marubucin da kansa yakan bayyana su ta hanyar ƙararsu da ɓarnar da suke yi, ta yadda bayanin layi ɗaya a gefen shafi ya isa.

Gida na biyu shi ne ƙashin bayan littafin. Labarin ya buɗe ne da rabon abinci: kamfanin soja 150 ya tafi fage, 80 suka dawo, kuku ya riga ya dafa wake da nama na adadin farko, yana ƙin rabawa har sai da hafsa ya ba da umarni, kowa ya sami ninki biyu na abinci da taba. Mai ba da labari ya faɗa da kansa cewa mafi yawan kalmomin soja daga ciki da hanji suka samo asali. Burodi, yunwa, ƙwarƙwata, ɓeraye, makewayi, rauni, bandeji, su ne ke dawowa babi bayan babi, daga dinyar da Paul da abokinsa Katczinsky suka gasa cikin dare har zuwa asibitin babi na 10. Takalman wani abokin Paul mai suna Kemmerich, masu taushin fata, sun ishe mu misali: ɗalibi ya haɗu da kalmar a gefen gadon da aka yanke wa mai su ƙafa, ya sake haɗuwa da ita a ƙafar wani abokin nasu, Müller, sannan a hannun Paul bayan Müller ya mutu. Maimaici irin wannan shi ke dasa kalma a zuciya ba da wahalar hadda ba.

Gida na uku shi ne inda jadawali ke yin ɓarna ta gaske, a nan kuma za mu daɗe. Kalmomin wajibi, da ƙasar haihuwa, da jaruntaka, da ɗaukaka, suna nan cikin littafin, amma duk wanda ya bi diddiginsu zai tarar marubucin ya fi sanya su a bakin mutanen da ba su taɓa jin ƙarar igwa ba: Kantorek, malamin da ya yi ta wa ɗalibansa huɗuba har ajin ya tafi ya sa hannu a soja, ya kuma aiko musu da wasiƙa yana yi musu kirari da ƙarfe; da shugaban makarantar da Paul ya haɗu da shi lokacin hutu a babi na 7, yana zaune yana lissafa Beljiyam baki ɗaya da yankunan Faransa da Rasha da ya kamata Jamus ta cinye. Idan aka ciro irin wannan kalma aka ajiye ta a jadawali tare da ma'anarta ta ƙamus, an ba ɗalibi zahirin lafazi an ɓoye masa gatsen da ke ciki, sai ya fito daga littafin da aka rubuta domin tona asirin waɗannan kalmomi yana riƙe da su a kan ma'anar da Kantorek ya so.

Kalmar Kamerad, wato abokin fage, ta fi kowace bayyana wannan. Da ita Kantorek ya kira ɗalibansa sa'ad da yake zuga su, cikinsu har da Joseph Behm, wanda bai so tafiya ba, ya kuwa zama cikin na farkon mutuwa. Ita ce kuma ke ɗauke da amanar da ke tsakanin Paul da Katczinsky, mai gyaran takalma ɗan shekara 40 wanda ba ya rasa inda zai samo wa yaransa abinci. Daga ƙarshe, a babi na 9, da ita Paul ya kira Gérard Duval, Bafaranshe ma'aikacin maɗaba'a da ya soka da wuƙa cikin ramin da harsashi ya haƙa, ya kuma zauna da shi har ya cika. Lafazi ɗaya ne, amma a wuri na farko yaudara ce, a na biyu zumunci, a na uku nadama, kuma babu layin jadawali da zai ɗauki ukun. Kamar yadda masu hadisi ba su karɓar matani sai sun duba isnadi, haka ɗalibin wannan littafi bai san kalma ba sai ya san wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da halin da ake ciki. Littafin ma ya yi wa hadda maras fahimta ba'a a babi na 5, inda samarin ke jefa wa juna tsofaffin tambayoyin makaranta, irin su yawan mutanen birnin Melbourne, suna lura da cewa babu wanda ya koya musu kunna taba cikin ruwan sama.

Iyakokin Bincike

Dole a ambata cewa wannan nazarin matani ne, ba a gwada shi a aji da jarrabawa ba, kuma littafi ɗaya ya shafa. Bugu ma ya sha bamban da bugu, domin na farko da ya fito a Amurka a 1929 an cire masa wasu wurare, har da zancen makewayi. Wannan na iya rage misalai, amma bai taɓa asalin hujjar ba.

Kammalawa

Shawararmu ga malamai uku ce. Kalmomin makamai a bayyana su a gefen shafi a wuce, kada a sa su cikin jarrabawa. Kalmomin ciki da jiki a bar maimaici ya yi aikinsa, malami ya riƙa nuna inda suka dawo. Kalmomin aƙida kuwa, kada a rubuta ko ɗaya a allo sai tare da sunan mai faɗinta da babin da ta fito. Malamin da ya tsaya kan jadawalin baƙin kalmomi shi kaɗai, lugga ya karantar, amma bai karantar da littafin Remarque ba.