Tarihin Sana'ar Zubin Sojojin Dalma a Ƙasar Turawa

Daga cikin sana'o'in hannu da suka wanzu a Ingila da Amurka har zuwa yau, akwai wata wadda galibin masu yin ta ba da ita suke ci da iyali ba, domin za ka tarar mutum malamin makaranta ne ko akawu da rana, amma idan dare ya yi sai ya shiga ɗan ɗakin da ke bayan gidansa, ya narka dalma da kuza, ya zuba 'yan mutum-mutumin sojoji waɗanda tsayinsu bai wuce gaɓar yatsa ba, ya ƙulle su cikin ƙananan jakunkuna, ya aika wa masu saye ta gidan waya. Su kuwa masu sayen, sai su shafa musu launi da hannunsu, su jera su bisa tebur tsakanin tuddai da itatuwa na kwaikwayo, su gwabza yaƙi bisa ƙa'idojin da aka rubuta a littafi, ana auna tafiyar kowace runduna da ma'auni, ana yanke hukuncin harbi da ɗan ƙashin nan mai fuska shida irin na wasan lido.

Asalin al'amarin ya taho ne ta hanya biyu, dukansu daga ƙasar Jamus. A shekarar 1812 wani bafade mai suna von Reisswitz ya gabatar wa sarkin Furusiya wani teburin koyon dabarun yaƙi, sa'an nan a 1824 ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara shi, ya mai da shi kan taswira ta gaskiya, da alƙali a tsakani mai sanar da kowane ɓangare iyakar abin da idonsa zai iya gani a fagen fama, har shugaban hafsoshin ƙasar, Janar von Müffling, ya ba da shawarar a yaɗa shi cikin rundunoni. Amma wannan wasan ilmi ne na soja, da 'yan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi ake yinsa, babu siffar mutum a ciki. Siffar mutum ta fito daga maƙeran birnin Nuremberg, waɗanda tun ƙarni na 18 suke zuba sojojin kuza masu faɗi kamar kwabo a cikin mazubin dutse, don wasan yara. A 1893 gidan William Britain na Landan ya ƙago hikimar zuba soja mai rami a ciki, ta yadda za a tsiyaye dalmar tsakiya tun ba ta daskare ba. Kuɗin ƙarfe ya ragu, sojan wasa ya yi araha, ya shiga gidajen talakawa.

Wanda ya haɗa hanyoyin nan biyu a idon jama'a shi ne marubuci H. G. Wells, da littafinsa Little Wars na 1913, inda ya tsara yadda manyan mutane za su yi yaƙi a daɓen ɗaki da sojojin Britain da wata 'yar igwa mai harba tsinken katako. Wells mutum ne mai ƙin yaƙi, ya kuma yi fatan wasan ya nuna wa mutane wautar yaƙin gaske. Shekara ɗaya bayan haka Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke.

A ganina, duk da girman waɗannan sunaye, sana'ar da muke magana a kanta ba ta samu haihuwa ba sai a wajajen 1955, sa'ad da wani Ba'amurke a Kalifoniya, Jack Scruby, ya fara zuba sojoji cikin mazubin roba yana sayarwa, ya kuma kafa mujallar War Game Digest a 1957 don masu sha'awar su san juna. Dalilin da ya sa na ba shi wannan matsayi shi ne, muddin mazubi na dutse ne ko na ƙarfe, to sai mai jari da ma'aikata ke iya mallakarsa, amma da roba ta shigo sai ƙofa ta buɗe ga duk mai haƙuri da ɗan kuɗin aljihu. Yadda aikin ya daidaita daga baya shi ne, mai sassaƙa zai lanƙwasa waya ta zama ƙashin jiki, ya kwaɓa wani danƙo mai kashi biyu, shuɗi da rawaya, har ya koma kore, ya riƙa ɗora shi kaɗan-kaɗan da tsinken likitan haƙori, yana fitar da maɓallin riga da igiyar bindiga da gashin baki a jikin da bai fi milimita 28 ba. Idan ya bushe, sai a danne shi tsakanin faifan roba biyu da zafi da nauyi har siffarsa ta zauna, a yanka hanyoyin da narkakken ƙarfe zai bi, a ɗora faifan kan injin da ke juya shi da sauri, a zuba ƙarfen ta tsakiya, juyin ya watsa shi cikin kowane lungu. Wanda ya taɓa tsayawa wurin maƙeran fari yana kallon zubin mundaye zai gane rabin aikin. Da irin wannan mazubi mutum ɗaya zai iya fitar da rundunar wata daula da ba a san ta ba, wadda ƙila mutum ɗari kaɗai ke nema a duniya, ya mai da kuɗinsa, abin da babu babban kamfanin da zai kula da shi.

A Ingila birnin Southampton ne ya fara zama tsangayar wannan ilmi. Donald Featherstone, wanda sana'arsa gyaran gaɓoɓin marasa lafiya ce, ya wallafa War Games a 1962, ya kuma riƙe wata mujalla ta wata-wata har zuwa 1980. A garin kuma Neville Dickinson ya kafa gidan zubi na Miniature Figurines a 1964. Ciniki a zamanin nan duk na amana ne, mutum ya ga talla a bayan mujalla, ya aika da takardar kuɗi ta gidan waya, ya zauna jiran makonni.

Ko kamfanin da ya fi kowanne girma a yau, wato Games Workshop, daga irin wannan ƙaramar sana'a ya fito, gama a 1975 samari uku, John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson, suka fara shi a ɗakin hayarsu a Landan, suna sassaƙa allunan katako na wasannin gargajiya. Da suka haɗa hannu da Bryan Ansell, wanda ya riga ya yi ƙaramin gidan zubi a Notingham, sai aka kafa Citadel Miniatures, aka fitar da wasan Warhammer a 1983, da Warhammer 40,000 a 1987, kamfani ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan a 1994, har a Disambar 2024 aka lissafa shi cikin manyan kamfanoni ɗari na wannan kasuwa. Abin da ya fi burge ni a tarihin Notingham shi ne silsilar almajirai da ta fita daga gidan Games Workshop, kowa ya kafa nasa a kewayen garin, kamar Warlord Games a 2007 da Mantic Games a 2008, da kuma tagwayen nan Alan da Michael Perry. Shi Michael ya rasa wani sashe na hannunsa na dama a 1996, lokacin da igwa ta tashi a wurin kwaikwayon wani tsohon yaƙi a Faransa, amma bai bar sana'a ba, ya koyi sassaƙa da hagu. Cikin ayyukan gidansu kuwa har da rundunar Ansaru ta Mahadin Sudan, da jibbobinsu masu faci da masu da tutoci.

Ba a rasa jarrabawa ba. A 1993 hukumar jihar Niyu Yok ta tasar wa dalma saboda gubarta, masu zubi da yawa suka koma ga haɗin kuza mai tsada. Sojan filastik kuma, wanda masu saye suka fi so don sauƙin kuɗi, yana bukatar mazubin baƙin ƙarfe na dubban fam, wanda ya fi ƙarfin mai aiki a bayan gida. Sa'an nan injin ɗab'i mai fitar da siffa cikakkiya ya sake buɗe ƙofar, domin yanzu ana sassaƙa soja a kwamfuta, a sayar da zanensa ta intanet, mai saye ya fitar da shi a ɗakinsa. Ina ganin alherin wannan, ko da yake ina tsoron kada ilmin danƙo da waya ya tafi tare da dattawan da suka iya shi.

Abin da ya fi ƙuntata wa ƙananan masu sana'ar a Ingila a 'yan shekarun nan shi ne takardu. Tun da ƙasar ta kammala ficewa daga kasuwar Tarayyar Turai a farkon 2021, kowane ƙunshi sai da takardar kwastan da haraji, sa'an nan a ranar 13 ga Disamba 2024 wata sabuwar doka ta wajabta wa mai sayarwa daga waje ya samu wakili mazauni a cikin Tarayyar. Babban kamfani yana da lauyoyin da za su ji da wannan, amma da yawa daga masu zubi na bayan gida sun sanar da abokan cinikinsu na Faransa da Jamus cewa sun daina aika musu da kaya.