Sauro, Maleriya da Ƙwayoyin da ke Tsayar da Jini

Duk damina muna jin ana cewa zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa yaro jini, kuma abin da muke nufi shi ne jajayen ƙwayoyin jini. Yau za mu bibiyi tarihin wasu ƙwayoyin da ba mu cika ambata ba, waɗanda likitoci ke kira filatilet, masu toshe rauni idan mutum ya yanke.

A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya hango ƙwayar cutar maleriya a jinin wani soja a Kwanstantin ta Aljeriya. A 1882 kuma Giulio Bizzozero na Italiya ya bayyana filatilet da aikinsu wajen daskarar da jini. An gano su kusan lokaci guda, amma aka daɗe ba a haɗa labarinsu ba, domin ƙwayar cutar a cikin jajayen ƙwayoyi take zama, can hankalin masana ya tafi.

Abin da aka fara lura da shi shi ne raguwa. Lafiyayyen mutum yana da filatilet 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini. Ɓargo ne ke ƙera su, suna rayuwa kwana 7 zuwa 10. Idan maleriya ta shiga, adadin kan faɗi a yawancin marasa lafiya: saifa ta kumbura ta tsare wasu, garkuwar jiki ta lalata wasu, wasu kuma su ƙare a jijiyoyin da suka kumbura. Shekara da shekaru ana ɗaukar su a matsayin waɗanda tsautsayi ya rutsa da su kawai.

Daga baya sai zargi ya hau kansu. A 2001 bincike kan yara a Kenya ya nuna filatilet na manna jajayen ƙwayoyi masu cutar su dunƙule, kuma an fi ganin haka a masu ciwo mai tsanani. A 2003 Georges Grau da abokan aikinsa suka iske su cunkushe a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaran Malawi da maleriya ta kashe.

A 2009 labari ya juya. Brendan McMorran da Simon Foote a Ostireliya suka nuna filatilet na manne wa ƙwayar jini mai cutar su kashe abin da ke ciki, kuma ɓerayen da aka bai wa asfirin, mai raunana filatilet, sun fi mutuwa. Wasu masana sun musanta, amma a 2018 aka ga wannan kisa a jinin marasa lafiya a Indonesiya da Malesiya.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A 2012 McMorran ya ruwaito cewa makamin filatilet, wani sinadari mai suna PF4, yana buƙatar wata ƙofa a bayan jar ƙwayar jini da ake kira Duffy. Akasarinmu mutanen Afirka ta Yamma ba mu da wannan ƙofa. Rashinta ya kare mu sosai daga nau'in maleriya na vivax, amma falciparum, wadda ta fi kisa, ita ce tamu, kuma masana na muhawara ko rashin ƙofar na rage mana wannan kariya.

Don haka idan takardar gwaji ta nuna filatilet sun ragu, kada mu firgita. A maleriya ba kasafai hakan ke kai ga zubar jini ba, kuma adadin kan dawo cikin 'yan kwanaki bayan shan magani. Amma jini daga hanci ko dasashi tare da zazzaɓi na iya zama Lassa ko dengue, a garzaya asibiti. Kuma kada mu bai wa yaro mai zazzaɓi asfirin.

Sai mako mai zuwa.