Tarihin Rubutun Makafi da Ƙa'idodin Juya Littafi Zuwa Gare Shi

Tun zamanin da, makafi suna da matsayinsu a ƙasar Hausa. A Kano da sauran manyan birane akwai Sarkin Makafi, wanda yake sasanta tsakaninsu, yana kuma kai kukansu gaban sarauta. Waɗansu sun shahara wajen tufkar igiya, waɗansu kuwa wajen haddar Alƙur'ani da waƙoƙin wa'azi. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami, amma baitocinsa sun zaga ƙasa duka. Sai dai duk wannan ilimi da kunne aka ɗauke shi, a ka aka ajiye shi. Makaho ba shi da hanyar da zai koma ga darasinsa shi kaɗai, sai ya sami mai ido ya karanta masa.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa wani yaro ne na ƙasar Faransa, sunansa Louis Braille, Turawan Ingila suna faɗinsa Birel. An haife shi a 1809 a wani ƙauye da ake kira Coupvray, gabas da birnin Faris. Ubansa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Yana ɗan shekara 3 ya ɗauki wani ƙarfe mai tsini a rumfar uban yana wasa, ya soki idonsa. Ciwo ya kama ɗaya idon, duka biyu suka mutu. A 1819 aka kai shi makarantar makafi ta Faris. A can littattafan da ake da su, haruffan masu ido ne aka kumbura su manya-manya a kan takarda. Karatunsu da wuya, rubuta su kuwa ba ya yiwuwa ga ɗalibi.

Ana nan sai wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, ya kawo wa makarantar wani irin rubutu na ɗigo-ɗigo, har ɗigo 12 a alama guda. Yaron ya lura alamar ta fi ƙarfin kan yatsa, sai an yi ta lalube sama da ƙasa. Ya rage ɗigon zuwa 6, yadda yatsa zai rufe su da taɓawa ɗaya. Ya gama wannan tsari a 1824, yana da shekara 15, aka buga shi a 1829. Hukumar Faransa ba ta karɓe shi ba sai a 1854, shekara 2 bayan rasuwarsa.

Ga yadda rubutun yake. Kowane harafi yana da gida ɗaya, a gidan akwai gurbi 6, uku a hagu, uku a dama. Na hagu su ne 1, 2, 3 daga sama zuwa ƙasa, na dama su ne 4, 5, 6. Ɗigo na 1 shi kaɗai shi ne a. Na 1 da na 2 su ne b. Na 1 da na 4 su ne c. In aka jujjuya gurabun nan ta kowace fuska, za a sami alama 63. Da yake alamun ba su da yawa, lambobi ba su da nasu: haruffa goma na farko, daga a zuwa j, su ne 1 zuwa 0, sai a gabatar musu da alamar lamba. Babban harafi ma haka, ɗigo na 6 ake sa masa a gaba. Mai rubutu da hannu yana sa takarda mai kauri cikin allon ƙarfe ko na roba, ya riƙa huda ta da wani tsinke mai kama da basillar dukawa. Daga dama zuwa hagu yake rubutawa, kamar mai rubutun ajami, sa'an nan ya juya takardar ya karanta daga hagu zuwa dama.

Rubutun ya bazu, amma kowace ƙasa ta so ta yi nata sauyi, har ya zama makahon Amurka ba ya iya karanta littafin Ingila. Sai a 1932 ƙasashen biyu suka daidaita a kan tsari ɗaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa Sir Clutha Mackenzie, wani makaho mutumin New Zealand, aikin daidaita rubutun a harsunan duniya. A taron Beirut na 1951 aka tsai da na Larabci, wanda da shi ake buga Alƙur'ani mai girma domin makafi. Ƙa'idar da aka bi ita ce, harafin da sautinsa ya yi daidai da na boko ya riƙe alamarsa, wanda babu irinsa kuwa a ware masa tasa. Haka aka yi wa Hausa saboda ɓ, da ɗ, da ƙ, gama in aka rubuta su kamar b, da d, da k, ba za a bambanta ƙafa da kafa ba.

A Arewacin Nijeriya, maganin ido ya riga makaranta zuwa. A 1943 mishan ɗin SIM suka buɗe asibitin ido a Kano, wanda yanzu yake hannun ECWA. A lokacin nan agana, da ƙyanda, da amodari, da yanar ido sun makantar da mutane masu yawa. A 1953 mishan ɗin SUM suka buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, cikin ƙasar Filato, ita ce ta farko irinta a Nijeriya. A 1962 aka buɗe ta Pacelli a Ikko. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ware babi domin ilimin masu naƙasa. A Kano gwamnati tana da makarantar kurame da makafi a Tudun Maliki, Jami'ar Bayero kuma, wadda tsohon mazauninta yake maƙwabtaka da Ɗorayi, tana da sashen da yake horar da malaman irin waɗannan yara.

To, da yara makafi suka fara shiga aji ɗaya da masu ido, sai wata matsala ta bayyana. Sanin haruffa dabam, juya littafin makaranta dabam. Mai ido yana duban shafi ya gane take, da hoto, da jadawali, da tambayoyi a kallo ɗaya. Yatsa kuwa layi-layi yake bi, ba ya hango abin da ke gaba. Saboda haka aka kafa ƙa'idodi, kamar waɗanda hukumar birel ta Arewacin Amurka ta tattara a 1997, ta sake gyara su a 2011 da 2016.

Ƙa'ida ta farko ita ce amana. Mai juya littafi ba marubuci ba ne, ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya taƙaita abin da ya ga ya yi masa tsawo. In ya zama dole ya yi bayani, sai ya kewaye maganarsa da wata alama, domin ɗalibi ya san wannan ba ta mai littafi ba ce.

Ta biyu ita ce lambar shafi. Babban shafin birel yana ɗaukar layi 25, kowane layi gida 40, don haka shafi ɗaya na masu ido yakan ci biyu ko uku, littafi guda kuma ya zama kundi da yawa. In malami ya ce a buɗe shafi na 52, lambar littafin hannunsa yake nufi. Domin haka ake sa lamba iri biyu, ta littafin masu ido a kusurwar sama, ta birel a kusurwar ƙasa. In shafin masu ido ya ƙare a tsakiyar takarda, sai a ja layin ɗigo a rubuta sabuwar lamba a ƙarshensa. In babu wannan, kafin yaro ya lalubo wurin, aji ya wuce shi.

Ta uku ita ce shimfiɗar shafi. Babban take a tsakiya yake zama, da layi fanko a sama da shi. Sakin layi yana farawa daga gida na 3, sauran layuka daga na 1. Tambayoyi kuwa lambarsu ce take fitowa a bakin shafi, yadda yatsa zai gangaro ya same su da sauri.

Ta huɗu ita ce hoto da jadawali. Taswira da zanen lissafi akan kumbura su a kan takarda a taɓa. Hoton da ba ya kumburuwa sai a bayyana shi da kalmomi, amma a kiyaye kada bayanin ya ba da amsar tambayar da aka yi a kansa. Jadawalin da ya fi faɗin shafi akan warware shi, a jera shi layi bayan layi.

Kayan aiki ma sun ci gaba. Injin Perkins mai maɓallin ɗigo 6 ya fito a 1951, daga baya kwamfuta ta zo, tana juya haruffa cikin ƙiftawar ido. Duk da haka sai mutum masani ya shimfiɗa shafi, makaho kuma ya bi shi da yatsa ya tace. A 2005 Nijeriya ta karɓi haɗaɗɗen tsarin birel na Ingilishi, wanda ya tara adabi da lissafi cikin ƙa'ida ɗaya. A 2017 ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta halatta juya littafi domin makafi ba tare da jiran izinin mai haƙƙinsa ba.

Abin da ya rage shi ne na iyaye. Ma'aikacin masana'anta a Sharaɗa, ko Challawa, ko Bompai, wanda Allah ya jarrabe shi da ɗa makaho, ya sani bara ba ita ce kaɗai gādon yaron ba. Ya kai shi asibiti tukuna, ko idon yana gyaruwa. In bai gyaru ba, ya kai shi makaranta tun yatsunsa suna da taushi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kuma riƙa tambaya ko littattafan ajin yaron sun iso da birel tun farkon shekara, domin littafin da ya zo bayan jarrabawa bai amfani kowa ba. Allah ya sa a kula.