Kajiji

Kajiji tsiro ne na fadama da bakin tafki, ɗan dangin aya. Masana tsirrai suna kiransa Cyperus articulatus, sunan da Carl Linnaeus ya ba shi a 1753. Karansa kore ne, siriri, ba ya da ganye, yakan kai mita 1 zuwa 2. Cikin karan akwai gaɓoɓi, waɗanda idan ya bushe ake jin su da yatsa a jere. Yana fitowa a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya da Amurka. A Brazil ma ana haɗa turare da shi.

Darajarsa tana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarsa mai ƙullutu ce, baƙa-baƙa, mai ƙamshi. Ita ake tonowa a wanke, a shanya, a daka, a sa cikin turaren wuta da humra da kayan gyaran amarya. A Bauchi ana samunta busasshiya wurin masu kayan ƙamshi da magungunan gargajiya a kasuwannin Wunti da Muda Lawal.

Shuka shi ba wuya. Ba a bin iri: ɗanyar saiwa mai ido ake gutsurowa a binne cikin taɓo, zurfin ɗan yatsa, da farkon damina, wato Mayu zuwa Yuni. Yana son rana sosai, kuma yana jure ruwa kwance a gindinsa. Matsalar Bauchi ita ce rani. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa takan ƙeƙashe, don haka sai a dasa shi inda laima ba ta yankewa, kamar gefen rijiya ko inda ruwan alwala yake gangarawa. Idan hunturu ya busar da karan, a yanke shi daga gindi, zai sake tohowa. Lokacin ne kuma ya fi dacewa da tonon saiwa, a bar kaɗan a ƙasa.

Sai dai kajiji mai yaɗo ne, kuma nan masu lambu suke sakaci. Gara a tsare shi cikin tsohon baho ko randa, ana sauya ruwan duk mako saboda sauro. Kada kuma a rikita shi da kacala, ciyawa mai dogayen ganye, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Jama'are bayan gina madatsun Tiga da Challawa. Ita kam ba ta dace da lambun gida ba.