Tarihin Dokokin Kariya Daga Gobara a Gidajen Rawa

Dokokin kariya daga gobara a gidajen rawa su ne ƙa'idojin da hukuma ke gindaya wa duk ginin da jama'a ke taruwa a cikinsa da dare domin kiɗa da rawa da shaƙatawa. Sun ƙunshi yawan mutanen da aka yarda su shiga, da yawan ƙofofi da faɗinsu da ɓangaren da suke buɗewa, da irin kayan da za a yi silin da ado da su, da fitilun nuna hanyar fita, da na'urorin kashe wuta. Kusan kowace ɗaya daga cikinsu sai da aka yi asarar rayuka kafin aka rubuta ta. Wanda ya bi tarihin daga 1903 zuwa yau zai ga cewa rubuta doka bai taɓa gagarar kowace ƙasa ba. Wajen tilasta bin ta ake faɗuwa.

Haɗarin irin waɗannan wurare ya bambanta da na kasuwa ko ofis. Ciki duhu ne, ƙarar kiɗa tana danne ihun gargaɗi, wasu suna cikin maye, kuma yawancin mutane baƙi ne da ba su san ginin ba. Idan abu ya faru, kowa ƙofar da ya shigo ta ita yake nufa. Ga shi mai gida yana da dalilinsa na kuɗi na kulle sauran ƙofofi, don kada wani ya shigo bai biya ba ko ya sulale bai biya ba, yana kuma toshe tagogi don kada ƙara ta dami maƙwabta. Yawancin waɗanda ke mutuwa hayaƙi da turmutsitsi ne ke kashe su tun kafin wutar ta iso gare su.

Mafari

Ana yawan fara wannan tarihi da gidan wasan kwaikwayo na Iroquois da ke Shikago a Amurka. An buɗe shi a watan Nuwamba na 1903 ana tallarsa a matsayin ginin da wuta ba ta ci. Ranar 30 ga Disamba na shekarar ya kama da wuta ana cikin wasan rana, mutum kusan 600 suka mutu, da yawansu mata da yara. Wasu ƙofofin a kulle suke, wasu kuma da sakatun da jama'a ba su san yadda ake buɗe su ba. Babu wani mai gidan ko jami'in birni da aka ɗaure. Amma daga nan aka yaɗa ƙa'idar cewa ƙofar fita waje za ta riƙa buɗewa, aka kuma ƙera ƙarfen nan da ake gicciyawa a jikin ƙofa, wanda da zarar an danna shi da jiki ƙofar za ta buɗe. A 1927 ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, wato NFPA, ta fitar da kundin ƙa'idojin ƙofofin fita. Sai dai kundin shawara ne kawai, ba ya zama doka sai birni ko jiha ta karɓe shi, kuma da yawa ba su karɓa ba.

A watan Afrilu na 1940 gidan rawa na Rhythm Club da ke Natchez a jihar Mississippi ya ƙone da mutum 209, dukkansu ko kusan dukkansu baƙar fata. An buga katako a tagogi don hana masu leƙe da masu shiga kyauta. Ƙasar ba ta girgiza yadda ya kamata ba, kuma launin fatar mamatan yana daga cikin dalilai.

Cocoanut Grove

Gobarar da ta sauya komai ta auku a birnin Boston daren 28 ga Nuwamba, 1942. Gidan rawa na Cocoanut Grove an ba shi izinin ɗaukar mutum 460, amma a daren akwai fiye da dubu a ciki. An ƙawata shi da itatuwan kwakwa na takarda, an lulluɓe silin da yadi. Wutar ta tashi a wani ɗakin shan abin sha da ke ƙarƙashin ƙasa, ta bi yadin silin ta haura bene cikin 'yan mintuna. Babbar ƙofar shiga irin mai juyawa ce, wadda ke ɗaukar mutum ɗaya bayan ɗaya. Da jama'a suka danno ta kowane ɓangare sai ta cije, gawawwaki suka taru a bayanta. Wata ƙofar an sa mata sakata, wata an ɓoye ta bayan labule, wata kuma ciki take buɗewa. Mutum 492 suka rasu, wato sun fi adadin da aka yarda ginin ya ɗauka baki ɗaya.

Abin da ya fi ciwo shi ne, kwana takwas kafin gobarar wani jami'in hukumar kashe gobara ya duba gidan ya rubuta cewa yana cikin yanayi mai kyau. Mai gidan, Barney Welansky, mutum ne mai alaƙa da manyan birnin. An same shi da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke masa shekara 12 zuwa 15, amma a 1946 gwamna Maurice Tobin, wanda shi ne magajin garin Boston lokacin gobarar, ya yi masa afuwa saboda ciwon daji, ya mutu bayan 'yan makonni. Hukuncin kotun ya kafa wani tushe mai muhimmanci: ba sai mutum ya kunna wuta da hannunsa ba, sakacin da ya yi da rayukan waɗanda ya gayyato gininsa ya isa a kama shi da laifin kisa.

Bayan wannan ne jihohi da birane suka karɓi ƙa'idojin da a yau ake gani kamar dama can haka suke. Duk inda aka sa ƙofa mai juyawa sai an sa ƙofofi masu buɗewa waje a gefenta. Alamar hanyar fita sai ta kasance mai haske da wutarta ta daban, ko da an ɗauke wutar ginin. An hana ado da kayan da ke saurin kamawa, an hana kulle ƙofar gaggawa muddin akwai jama'a a ciki, an kuma shigar da gidajen rawa da gidajen abinci cikin jerin wuraren taron jama'a, domin a Boston ta wancan lokaci ba a lissafa su haka. Har likitanci ya amfana: a asibitocin Boston aka inganta yadda ake jinyar ƙuna da ƙarin ruwa da bandeji mai man shafawa, kuma waɗanda suka jikkata suna cikin fararen hula na farko da aka yi wa magani da fenisilin.

Zamanin soso da tartsatsin wuta

Daga shekarun 1970 wani sabon abu ya shigo, wato soson roba mai arha da ake manna wa bango da silin don ado ko rage ƙara. Yana kamawa kamar fetur, yana ɗigo da wuta a kan mutane, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da guba mai sumar da mutum cikin 'yan numfashi. A Faransa, ranar 1 ga Nuwamba, 1970, gidan rawa na Cinq-Sept ya ƙone da matasa 146, ƙofofin gaggawa a kulle. A 1977 mutum 165 suka mutu a Beverly Hills Supper Club a jihar Kentucky ta Amurka. A Dublin, daren 14 ga Fabrairu, 1981, matasa 48 suka mutu a gidan rawa na Stardust, inda aka saba ɗaure ƙofofin fita da sarƙa. Iyayensu sun yi shekara 43 suna neman gaskiya, sai a watan Afrilu na 2024 masu binciken musabbabin mutuwa suka yanke cewa kisa ne ba bisa doka ba, gwamnatin ƙasar ta nemi gafara a majalisa.

Gobarar gidan rawa na The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, ranar 20 ga Fabrairu, 2003, ita ce aka fi nazarta, domin akwai mai ɗaukar hoton talabijin a ciki da ya ɗauke ta tun daga farko. Manajan ƙungiyar mawaƙan Great White ya kunna tartsatsin wuta a dandamali, soson bango ya kama. Binciken hukumar gwaje-gwaje ta Amurka ya nuna cewa cikin kimanin daƙiƙa 90 filin rawar ya zama wurin da ba a iya rayuwa. Akwai ƙofofi huɗu, amma yawancin mutane ta gaba suka nufa, suka cushe a bakinta. Mutum 100 suka mutu. Jami'in da ke duba ginin ya sha zuwa bai taɓa rubuta batun soson ba, kuma babu famfunan yayyafa ruwa na silin, domin ana ɗaukar tsohon gini a matsayin wanda sabuwar doka ba ta hau kansa ba. Binciken ya nuna da akwai su da sun danne wutar. Jihar ta soke wannan rangwame na tsofaffin gine-gine, NFPA kuma ta tanadi cewa a sa famfunan a duk sabon gidan rawa da duk tsohon da ke ɗaukar fiye da mutum 100, a kuma ajiye ma'aikatan da aka horar kan fitar da jama'a.

Duniya ta ga wannan hoto, amma abin ya ci gaba da maimaituwa kusan ba tare da sauyi ba. A Buenos Aires ta Ajantina, ranar 30 ga Disamba, 2004, mutum 194 suka mutu a gidan rawa na República Cromañón, babbar ƙofar gaggawa a datse da kwaɗo da waya. A Perm ta Rasha mutum 156 a 2009. A Santa Maria ta Brazil, ranar 27 ga Janairu, 2013, mutum 242 a gidan rawa na Kiss, akasarinsu ɗaliban jami'a. Ƙofa ɗaya ce, takardar izinin 'yan kwana-kwana ta ƙare watanni kafin nan, kuma da farko masu gadi sun tare hanya suna zaton mutane za su gudu ne ba su biya ba. A dukkan ukun tartsatsin wuta ne ya taɓa silin.

Hukunta masu sa hannu

Tambayar da ta fi daɗewa ba a amsa ba ita ce ta jami'in da ya sa hannu. Mai gida da mawaƙi su ake saurin kamawa. A New York, gidan rawa na Happy Land an ba da umarnin rufe shi tun 1988 saboda rashin ƙofofin gaggawa, babu wanda ya koma ya tabbatar an rufe, sai a watan Maris na 1990 wani ya cinna masa fetur mutum 87 suka mutu. A Filifin, gidan rawa na Ozone Disco ya ƙone a 1996 da mutum 162, kuma sai a 2014 kotu ta sami jami'an birni bakwai da laifin almundahana wajen amincewa da zanen ginin.

A wurare biyu fushin jama'a ya kai har sama. A Buenos Aires majalisar birni ta tsige shugaban gwamnatin birnin, Aníbal Ibarra, a watan Maris na 2006, shari'a kuma ta bankaɗo cin hancin da ake ba 'yan sanda don su kau da kai. A Romaniya, gobarar gidan rawa na Colectiv a Bukares ranar 30 ga Oktoba, 2015 ta kashe mutum 64 a gidan da ba shi da izinin hukumar kashe gobara. Dubban mutane suka fito kan titi da taken cewa cin hanci yana kisa, firaminista Victor Ponta ya yi murabus ranar 4 ga Nuwamba. Brazil ta yi sabuwar dokar tarayya a 2017 da ake kira da sunan Kiss. Duk da haka, a watan Maris na 2025 fiye da mutum 60 suka mutu a gidan rawa na Pulse a garin Kočani na Masedoniya ta Arewa, tartsatsin wuta da silin mai kamawa da ƙofa ɗaya, hukumomi kuma suka ce lasisin gidan ba na halal ba ne.

Wannan ya isa hujja cewa takardar izini ba ta kare kowa sai akwai mai zuwa dubawa da tsakar dare, lokacin da gidan ya cika, ba da rana yana wayam ba, kuma sai yana da ikon rufewa nan take ba tare da wani babba ya buga masa waya ba.

Kusa da gida

Afirka ba ta tsira ba. A watan Janairu na 2022, ana tsakiyar gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin nahiyar, tartsatsin wuta ya kama silin gidan rawa na Liv's a unguwar Bastos ta Yawunde a Kamaru, aƙalla mutum 16 suka mutu. Kuma kada mai karatu ya ɗauka batun na masu zuwa kulob ne kaɗai. A watan Satumba na 2023, a gundumar Hamdaniya ta Iraƙi, fiye da mutum 100 suka mutu a zauren biki lokacin da aka kunna tartsatsin wuta ango da amarya suna rawa. Dangi ne da abokan arziki da ƙananan yara.

Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, tana da hukumar kashe gobara ta tarayya da na jihohi, amma aiwatarwa tana hannun jihohi da hukumomin tsara birane. Zaurukan biki da suka yawaita a Kano da Kaduna da Abuja, inda ake dina da kamu da walima, da yawansu suna da yadin ado a silin, tagogi masu ƙarfen hana ɓarawo, janareto da mansa a gefe, 'yan gadi kuma a ƙofa ɗaya suna duba kati, ga tartsatsin wuta da ya zama ado wajen shigowar amarya. Duk wanda zai kama zaure don bikin 'yarsa ko ɗansa, ya zagaya da kansa ya ƙirga ƙofofin fita, ya tura kowace ya ga ta buɗe waje, ya tambayi adadin mutanen da aka yarda wurin ya ɗauka, ya kuma hana kunna tartsatsin wuta a ƙarƙashin rufi.