Sarauniya takwas da lissafin da ya kuɓuce wa Gauss

Ka ɗauki allon ces, wanda wasu ke kira darar Turawa ko da yake asalinsa Indiya ne. Gidajensa 64. A 1848 wani Bajamushe, Max Bezzel, ya jefa tambaya: ta hanya nawa za ka ajiye sarauniya 8 a kai ba tare da wata ta iya cin wata ba? Sarauniya kuwa tana ci a miƙe, tana ci a karkace.

Kar ka ce za ka gwada ɗaya bayan ɗaya. Hanyoyin zaɓar gidaje 8 cikin 64 sun haura biliyan 4. Carl Friedrich Gauss, gagaran masanin lissafi, ya taɓa tambayar a wasiƙunsa na 1850. Ya fara cewa 76, ya dawo ya ce 72. Duka bai dace ba. Franz Nauck ne ya kawo 92 a shekarar, kuma ita ce amsar. Gauss fa! Matsalar ita ce, ƙirga da hannu ba ya nuna maka abin da ka tsallake.

To, dawo gida. Darar da ake yi a gindin bishiya a Talata Mafara ko Bakura ramukanta 30 ne. Mai fara sawa yana da zaɓi 30, abokin wasansa 29, ka ga 870 ke nan, alhali buɗin ces 400 ne. Kowa ya sa biyu, dara ta kai 657,720, ces kuwa 197,281. Wato tun a sawa, darar tamu ta fi saurin yin rassa.