Kayan Sallah na Hannu a Ƙasar Daura

Duk wanda ya san ƙasar Daura, tun daga birni har Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, ya san cewa manomi ba ya samun sararin kansa sai gero ya shiga rumbu, iskar hunturu kuma ta taso da hazonta. A sa'an nan ne, tun zamanin kakanni, ake rataye fartanya, a ɗauko allura da basilla da mazari, kowa ya koma ga sana'ar da ya gada. Idodinmu kuwa wata suke bi, shekarar wata kuma ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya, saboda haka Sallah takan kewaya damina da rani da bazara cikin kimanin shekara 33, kamar yadda Ƙaramar Sallah ta yi ta faɗowa cikin sanyi daga 1966 zuwa 1970. Amma ko a wane lokaci ta zo, galibin abin da za a yi ado da shi, ko a bayar hadiyya, aikin hunturu ne da aka yi aka adana.

Mu fara da fata, domin a nan gwanintar ta fi bayyana. Majemi yakan jiƙa fatar akuya cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare ta, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, ya yi ta murza har ta yi laushi kamar ƙyalle. Daga nan sai baduku ya karɓa, ya rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko, ya yanka siraran zare na fata da askarsa, ya yi ta cusa su ɗaya bayan ɗaya cikin hujin basilla, har zane ya tashi a kan gafakar da ɗalibi zai kai wa malaminsa, ko kuben takobi, ko tuntun da zai yi lilo a ƙirjin doki ranar hawa. Irin wannan jar fata ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito.

Babbar riga kuwa sha'aninta ya fi ɗaukar lokaci, gama mata ne ke kaɗa audugar, masaƙi ya saƙa sawaye, a kai marina a tsoma cikin baba, a kai wa masu bugu, kana a miƙa wa maɗinki, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri, ya zana aska biyu ko aska takwas da tawadar da yake rubuta allo, ya bi zanen da zaren tsamiya wata da watanni. Wanda aka ba irin wannan riga ya san hannu nawa ta ratsa kafin ta iso kafaɗarsa, shi ya sa ba ya sallamar ɗan aike hannu wofi, domin yaba kyauta tukwici. Sunna ta kwaɗaitar da musayar hadiyya don ƙarfafa ƙauna, ni kuwa a ganina mutanen dā sun riƙe wannan da kyakkyawar fahimta, tun da abin da suke bayarwa guminsu ne da haƙurinsu.

A cikin gida ma ba a zauna ba. Ana gab da Sallah mata sukan sabunta daɓe, su yayyafa makuba, su shafe bango da farar ƙasa, su sauke jere su wanke ƙore su mayar. 'Yan mata su ɗinka faifai na kaba mai launi, wanda da shi za a rufe nakiya da alkaki a aika gidan surukai, yara kuma su bi gida-gida neman goron Sallah.

Fada ita ce babbar kasuwar masu sana'a, kuma tarihinta bai tafi a miƙe ba: wajen 1805 Malam Ishaku ya karɓi birnin da tutar jihadi, sarkin garin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, danginsa suka zauna Zango da Baure, sai a 1906 Turawa suka komo da Malam Musa gadon kakanninsa. Da Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, da magajinsa Muhammadu Bashar, duka sun riƙe hawan Sallah da Sallar Gani ta watan Rabi'ul Awwal, wadda Daura ta shahara da ita. Kowane hawa kuwa yana bukatar sirdi da jalala da linzami da likkafa da lifidi, watau aikin masassaƙi da maɗinki da baduku da maƙeri gaba ɗaya.

Canji ya shigo ne ta hanyar ciniki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Ingila ya yi arha, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, keken ɗinki ya gama cikin kwana biyu abin da allura ke yi cikin wata uku, langa da tasa suka ture ƙwarya daga jere. Ba na zargin talaka da ya sayi mai sauƙi, domin aljihunsa ya duba. Abin da ke damuna shi ne karofi da yawa sun cike da ƙasa, 'ya'yan masaƙa kuma sun tashi ba su san ƙoshiya ba. Hular hannu da kayan doki su ne suka fi jurewa, saboda mai hawan Gani har yanzu yakan ji kunyar fita gaban Sarki da kayan da inji ya ɗinka, ya gwammace ya ba baduku aiki tun watan Safar.